Dandamalin Katakon Dakta Sani

Yaya Bala,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya ƙafar tata? Ya iyali? Mu a Moss Side, nan ƙasar Turawa, lafiya lau, sai sanyi.

Dakta Sani ɗan Kawu ya sa an yi masa dandamalin katako a bayan gidansa na Edgbaston. Na ce kada ya shafa fenti a Nuwamba, katakon ya sha ruwa, sanyi ba zai bari ya bushe ba. Ya yi dariya gaban baƙinsa, wai, "Kafinta, ai na karanta a intanet." Ni da nake ci da sana'ar nan tun da council, ƙaramar hukumar nan, ta sallame mu daga aiki.

Ya shafa abinsa da yamma, raɓa ta sauka. Sati uku ke nan fentin yana kama takalmi. Jiya ya kira ni, na koma "Yaya Musa", wai in gyara kafin sunan jaririyarsa. Na ce injin goge katako ina da shi, amma rana ba a hannuna take ba. Baƙinsa a falo za su zauna.

In Kawu ya kawo ƙara, ka gaya masa haka. Ka gaida Inna, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Musa