Ranar da Baba Ya Yi Magariba a Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya min, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, a inda babu ciwon gwiwa, babu hayaƙin murhu. Na san babu direban da zan ba wa wannan saƙo ya kai miki. Amma ke kika saba min da kawo miki rahoton komai, ko ludayi ne ya faɗi a gidana sai kin ji, kuma har yau bakina bai daina ba.

Labarin Baba na kawo miki.

Bayan rasuwarki Yaya Sani ya ɗauko shi daga Fagam ya kawo shi wurina nan Birnin Kudu, saboda asibiti ya fi kusa. Ba da son ransa ba, kin dai san shi. Likita ya ce jininsa ya hau, a rage masa gishiri da mai, amma abin da ya fi damun likitan shi ne ramar. Inna, Baba ya daina cin abinci. Ba ya cewa ba zai ci ba. Zai sa hannu a tuwo, ya yi loma biyu, ya ce alhamdulillahi, ya ture kwanon. Shuɗiyar rigarsa ta Juma'a yanzu in ya sa sai ki ce aro ya yi.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi tuwon dawa da miyar kuka, na yi dambu, na yi fate. Na aika garin Basirka wurin danginki aka kawo kindirmo na dama masa fura. Ya kurɓa sau ɗaya ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Binta," ya ajiye. Har na fara jin tsoron albarkar nan, don da zarar ya sa ta, na san an gama cin abinci ke nan. Tsoro nake ji, Inna. Na rasa ki, kuma ina kallon shi ma yana bin bayanki a hankali a tsakar gidana.

Abu ɗaya ne bai bari ba, shi ne jam'i. Ko ƙafarsa na rawa sai ya dogara sanda ya tafi masallacin unguwarmu, kuma sahun gaba. Mutanen layinmu har sun fara bar masa wurinsa kusa da taga.

Ana cikin haka matar Yaya Sani ta aiko min da wata tukunyar lantarki daga Kano, wai sunanta eya firaya. Baƙa ce, da ɗan kwando a ciki da ake jawowa kamar durowa. Iska mai zafi take hurawa ta gasa abu ba sai an tsoma shi a mai ba, shi ya sa ta ce za ta yi wa Baba amfani. Da kina nan da kin yi dariya har kin riƙe ciki, ke da kika ce ko murhun gas bai san daɗin miya ba. Baba ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Tukunyar 'yan gayu ke nan," bai ƙara bi ta kanta ba.

Wata Talata bayan La'asar aka kawo wuta. Akwai ragowar burodin jiya da ya fara tauri, kuma na taɓa gani a waya yadda ake shafa wa burodi bota da tafarnuwa a gasa. Na ce bari in yi wa yara kafin a ɗauke wutar. Na duba, babu bota a gidan. Sai idona ya kai kan kwalbar nan taki.

Kin tuna ta? Man shanun da kika soya da albasa kafin ki kwanta ciwo, kika ɗure min a kwalba, kika ɗaure bakin da leda kina cewa, "Ke da ba ki iya rowa ba, kar ki rabar, na gidanki ne." Tun da kika tafi ban buɗe ta ba. Nakan ɗauko ta in goge in mayar. Ranar dai na tsaya na daɗe ina kallonta, sannan na yi bismilla na kwance ledar.

Na yanka burodin da ɗan kauri. Na ɓare tafarnuwa na kirɓa a ƙaramin turmi, na cakuɗa da man, na sa gishiri ɗan mitsitsi, na yayyanka lawashi a kai tunda ganyen da na ga ana sawa a wayar babu shi a kasuwarmu. Na shafa, na jera a kwandon ba tare da sun hau juna ba, na murɗa makunnin tukunyar. Wallahi ba Baba na yi wa ba. Na riga na gaji da a dawo min da kwano.

Ba a jima ba ƙamshi ya cika gidan. Ƙamshinki ne, Inna, ba na burodi ba. Na juya zan ɗauko faranti sai na ga Baba a ƙofar kicin, ya taso daga tabarmarsa ko sandar bai ɗauko ba. Ya ce, "Wannan man uwarku ne." Ba tambaya yake ba. Na ce, "Shi ne, Baba." Ya ce, "Miƙo min in ga abin da kika ɓata shi a kai."

Na ciro su, bakin ya yi ja ya yi ƙamas-ƙamas, tsakiya kuwa da taushi. Ya ci ɗaya a tsaye. Ya koma tabarma da farantin ya ci wani, ya ƙara wani, ya ce ko akwai shayi. Na shiga bayan ƙofa na toshe bakina da mayafi na yi kuka, don kar ya ji ya fasa. Rabon yaran ma shi ya cinye.

Da aka kira Magariba ya yi alwala, ya sa hula, ya nufi zaure. Sai na ga ya tsaya. Ya kai tafin hannunsa baki ya hura, ya shinshina, ya juyo. Ya ce, "Binta, tafarnuwar nan ɗanya kika sa?" Na ce ai ta gasu tare da burodin. Ya girgiza kai ya ce, "Burodin ne ya gasu, ita da sauranta. Ba zan shiga sahu in cuci bayin Allah da warin bakina ba. Kawo min darduma."

Inna, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sani sarai cewa wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ba ya shiga masallaci sai warin ya gushe, tun muna Islamiyya aka koya mana, amma murna ta ɗauke min hankali. Abu ɗaya da ya rage masa a duniya, na hana shi da hannuna. Na ce shi ke nan, gobe ko ruwa na miƙa masa sai ya duba.

A tsakar gida ya tayar da salla, ni da 'yan matana muka bi shi a baya. Rabona da jin karatunsa a bayyane tun ina ƙarama. Da ya sallame bai tashi ba, ni ma na kasa tashi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Uwarku ba ta taɓa sa min ɗanya ba. Ƙulli guda take ɗauka da ɓawonsa, ta tona toka mai zafi a gefen murhu ta binne, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Sai ya yi laushi kamar dafaffen dankali ta tono, ta matse a miya. Shekara da shekaru ina cin tafarnuwarta ina zuwa masallaci, babu wanda ya taɓa kau da kai."

Tun da kika rasu, ranar ya fara ambatonki a gabana. Ni kuwa na sha ganin kina binne tafarnuwa a toka, na ɗauka don ɓawon ya yi sauƙin fita ne. Ba ki taɓa faɗa min dalili ba. Ke dai ba kya bayani, sai dai ki ce, "Ki zuba ido, idonki ba ado ba ne."

Washegari da hantsi ina wanke-wanke sai ga shi kuma a ƙofar kicin. Ya ce, "Tukunyar taki tana da toka?" Na ce babu. Ya ce, "To sa shi da ɓawonsa mu ga iyakar gayunta." Ya jawo 'yar kujerata ya zauna, mutumin da ban taɓa ganin ya taka madafarki ba. Na sa ƙulli guda a kwandon. Duk lokacin da na jawo sai ya danna da babban yatsa ya ce, "Da saura." Sai da ya yi luguf ya ce, "Yauwa, haka take yi." Na matse a man, na shafa, na gasa. Ya ci, ya yi asuwaki, ya tafi Azahar abinsa.

Yanzu yana cin tuwo, ba da yawa ba, amma kwanon yana dawowa da sauƙi. Jiya ya ce miyata ta cika ruwa, ke sai kuka ta kama ludayi kike saukewa. Na ji daɗin faɗan nan fiye da yadda zan iya gaya miki. Man kwalbar ya kusa ƙarewa, na faɗa masa da fargaba. Ya ce in aika a kawo ɗanyen man shanu, zai nuna min lokacin da kike jefa albasa da irin kalar da take yi kafin ki sauke.

Inna, duk shekarun nan da muke ganinsa zaune a ƙofar ɗaki da rediyo a kunne muna cewa labaran duniya yake ji, ashe ke yake kallo.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna kamar yadda kika ciyar da mu ba tare da gori ba. Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya bar min shi in ɗan ƙara koyon ki a wurinsa. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki Binta,
Birnin Kudu.