Ranar da Baba Ya Sauke Allon Shagonsa

Yaya,

Tun da ka yi wayo, ka taɓa ganin Baba ya rufe shago a ranar aiki? Ka tsaya ka tuna kafin ka ci gaba da karatu. Ranar da aka haife ni ma, an ce sai da ya je ya buɗe, ya bar wa maƙwabcinsa mai aski tsaro. To wata huɗu da suka wuce ya rufe na yini guda, da shawararka, kuma yinin nan guda yana neman ya tafi da shekara ashirin da shida.

Ka yi haƙuri na sa tambaya a gaban gaisuwa, da Umma za ta gani da na sha faɗa. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, in dai ta jiki ake nufi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, ta daina jan ta. Auta ta ci jarrabawa, ta ce in tuna maka alkawarin jaka, wai ko kai ka manta ita ba ta manta ba. Baba kuwa yana ci yana sha, amma maganarsa ta ragu ƙwarai, kuma a kansa nake rubuto maka.

Ka san yadda rukunin shagunanmu ya koma tun kafin ka tafi. Da aka buɗe sabuwar hanya, motoci suka daina bi ta gabanmu, babban kantin nan na bakin titi ya kwashe sauran mutanen. Ofisoshin sama suka watse ɗaya bayan ɗaya, tattabaru suka gaje su. Amma mu na ƙasa ba mu mutu ba. Teloli suna zuwa daga unguwanni masu nisa da kan keke a kafaɗa, domin sun san babu mai gyaran keken ɗinki irin Baba. Sai muka ji gwamnati ta fito da tallafi don farfaɗo da irin waɗannan wurare na bayan gari, kuma masu ginin sun nema. Kowa ya yi murna. Maƙwabciyarmu mai zare har cewa ta yi a ƙarshe za ta daina tara bokiti a ƙarƙashin rufi.

Ana nan sai Manajan ginin ya bi mu shago-shago, ya ce ranar Talata za a yi feshin maganin ƙwari a shafa fenti, kowa ya kwashe kayansa ya sauke allonsa ya bar ƙofa a buɗe. Baba bai so ba, shi ya sa ya kira ka. Ina tsaye a wurin. Ka ce masa ya bi a hankali, kada a ce shi ne ya hana ci gaba. Kai kuwa ka san Baba, in zai yi abu ba ya yin rabi. Ya ce kekunan nan amanar mutane ce, ba zai bar magani ya taɓa su ba. Muka kwashe su kaf a baro zuwa gida, kowanne da ƙyallen da ya ɗaura masa mai sunan mai shi, har da waɗanda suka shekara biyar ba a zo karɓa ba. Sannan ya ce baƙi ba za su shiga shagonsa su tarar da datti ba. Ya share, ya wanke ƙasa da sabulu, ya goge tabon mai da kananzir, ya zare ƙusoshin bango. Da hannuna na riƙe masa tsani ya sauke allon. Mai kemis kuwa, da yake malalaci ne, leda kawai ya lulluɓa wa kayansa ya tafi gida. Har dariya muka yi masa.

Ranar Laraba muka dawo, babu fenti, babu warin magani. Na yi magana, Baba ya ce wataƙila na zamani ne, ba ya wari.

Bayan wata biyu aka ba mu takardar tashi saboda gyara, aka zagaye wurin da kwano, aka liƙa sunayen waɗanda za a mayar shagunansu in an gama. Mai kemis yana ciki. Baba ba ya ciki, haka mai aski, haka mai zare. Manaja ya ce kuskuren mai buga takarda ne, daga nan ya daina ɗaukar waya. Ni kuwa na tafi ofishin ƙaramar hukuma, na nace har suka ba ni rahoton da aka yi a kan gininmu, na zauna a benci. Kwana uku ina zuwa, da ƙamus ɗina, don kalmominsu kamar da gangan aka murɗa su. Ga abin da na gano. Ba a ba da tallafin sai in fiye da rabin shagunan babu kowa a ciki, namu kuwa bai kai ba. Masu dubawa sun zo ranar Talatar nan. A shafi na tara akwai hoton shago mai lamba goma sha huɗu, wato na Baba, ƙofa a buɗe, ƙasa tana ƙyalli, a ƙarƙashi an rubuta wai ya fi shekara biyu babu ɗan haya. Doka ta ce a mayar da duk wanda aka tarar yana sana'a. Baba ba a tarar da shi ba, saboda ya fi kowa biyayya da tsafta.

Na ɗauko hoton a waya na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wani wuri da yatsa ya ce ashe ya manta ƙusa ɗaya. Yaya, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu falo ya cika da kawunan kekuna, Umma da gefe take wucewa. Kullum da safe yana wanka ya sa rigar aikinsa, ya ɗauki kujerar roba ya je ya zauna a bakin kwanon nan, wai kada masu kaya su zo su ce ya gudu da amanarsu. Maigadi ya kore shi sau biyu, daga baya kunya ta kama shi, yanzu har ruwa yake kawo masa. Shekaranjiya wata tela ta zo da kan keke, ya ɗora a gwiwarsa ya gyara mata a nan bakin hanya, ƙurar motocin yashi tana sauka a kan hannunsa. Da ya dawo ya ce wa Umma aikin bai yi kyau ba, domin ƙura ta shiga ciki.

Kada ka ce ina gaba da gyara. Wa ya fi mu son a toshe rufin nan? Amma tallafin nan daga aljihun jama'a ya fito, har da na Baba da bai taɓa tsallake haraji ba. Na ga zanen sabon ginin a bakin ƙofa, gilashi ne daga sama har ƙasa, da mutane masu jakar hannu suna murmushi. Na duba sosai, ban ga mai ɗauke da kan keke ba. In don a raya wuri sai an fara rubuta masu rai a cikin matattu, to wa aka raya?

Ga abin da nake so daga gare ka, kuma ba kuɗi ba ne. Ranar ashirin ga watan gobe za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a zauren ƙaramar hukuma, daga ranar an rufe sunaye ke nan. Ba a ba kowa damar magana sai ɗan haya ko wanda ya wakilta. Baba ya hana ni. Ya ce ba wanda ya riƙe masa hannu, shi ya share shagonsa, kuma ba zai tsaya a gaban mutane ya ƙaryata Manaja, mutumin da suka shekara goma suna gaisawa ba. Ni yana ganina mai zafin kai, kai ne yake jin maganarka. Da waya ɗaya ka sa ya rufe, ka ɗauki wayar nan ka sa ya ba ni izini. Ban ce laifinka ba ne, ni ma na riƙe tsani.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki. Auta da Gwaggo suna gaisuwa. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara, ka ce wa babban ya daina yaga littafi. Mai aski ma ya ce in gaishe ka, yanzu a ƙarƙashin bishiya yake aski.

In Baba ya yarda, ba zagi zan yi ba. Zan zaunar da shi a layin gaba da rigar aikinsa, in ɗaga shafi na tara. Wanda ya sa hannu a ƙarƙashin hoton nan, da Manajan da ya buɗe masa ƙofa, su miƙe a gaban jama'a, su dubi tsohon nan, su maimaita da bakinsu cewa babu kowa a shago na goma sha huɗu. In ba za su iya ba, su faɗa wa zauren wanda ya ce su rubuta.

Ƙaninka.