Ban Je Neman Sadaka Ba

Daga Rano,
zuwa ga Yayata Huseina a Nariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Iya? Ya damina?

Yaya, Islamiyyar unguwarmu na neman malamar hadda, sai na je. Na murza kekena na guragu har ƙofar ofis, takarduna a cinya. Ban gama sallama ba shugaban ya sa aka ɗebo mini gero a leda, ya yi mini addu'a, ya shige. Don kunya na karɓa, na juyo gida. Washegari na mayar da geron, don ba haƙƙina ba ne, na faɗi abin da ya kawo ni. Aka ce ajin a bene yake, kuma yara ba za su ji maganar gurguwa ba.

Tun ranar nake mafarkin ajin nan. Ina ganinsa can kan dutse, babu matakala, iska ce ke ɗauka ta a hankali, muryoyin yara na zuba kamar ruwan farkon damina.

Malam Ramalan, shugaban ƙungiyarmu ta masu nakasa, ya ce akwai dokar ƙasa da ta hana a ƙi mutum aiki saboda nakasa, har ana iya kai ƙara. Na ji tsoro kada ya zama ƙin ƙaddara. Amma na yi ta tunani: ƙafafuna Allah ya jarrabe ni da su, na karɓa, matakala kuwa mutum ne ya gina.

A gaida Iya.
Ƙanwarki, Maijidda.

*

Yaya Huseina,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Allah ya sa kun tashi lafiya.

Na rubuta musu takarda, na ambaci dokar. Ban roƙi aiki ba, na ce a gwada ni kamar kowa. Ranar Laraba suka kira mu, mu huɗu masu neman aikin. Aka ja mini baƙi a Suratu Maryam. Na rufe ido, sai na ji kamar ina zauren Baba, kina gefena muna biya allo. Da na buɗe, shugaban Islamiyyar ya sunkuyar da kai.

Sun sauko da ajin ƙasa. Asabar zan fara.

Don Allah ki roƙar mini Iya ta ba ni Alƙur'anin Baba da gafakarsa. Ki ce mata yara talatin ne za su kira ni Malama.

Taki har kullum,
Maijidda.