Ƙarar da ta tayar da Inna

Talata da dare, Gummi

Yau sintisaizar nan, na'urar fitar da sauti da na harhaɗa da kayan tsofaffin rediyo, ta ba ni kunya. Bayan la'asar na murɗa ta ƙasa-ƙasa, na ƙara mata amsa-kuwwa, gurnanin ya dinga ninkuwa. Ina cikin jin daɗi sai na hango Inna a bakin zaure ba takalmi, rungume da ƙullin kayan da ba ta kwance ba tun da 'yan bindiga suka koro su daga Zugu.

"Babura nika ji," ta ce. "Da yawa."

Na zare waya. Shekara biyu ina neman wannan sautin, ban taɓa lura da abin da ya yi kama da shi ba. Ni ban taɓa kwana a daji ba.

Na ce mata gobe zan wargaza na'urar. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Bar abinka. Shina iya kukan injin niƙan bakin kasuwarmu ta Zugu?"

Har magariba ina gwadawa, tana cewa in ƙara kauri. Ban samu ba tukuna. Amma ta mayar da ƙullin ɗaki.