Agogon da ke Ƙirga Takun Baba

Unguwar Gawo,
Ta Ɗanbatta,
Jihar Kano.
Talata, 13 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanena Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da mutanen gida baki ɗaya, tare da fatan kana nan lafiya, kai da Ramlat da ɗana Fatihu. Yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna. Gero ya fitar da kai, gyaɗar bayan gida ta rufe ƙasa, ɗan'uwanmu Usaini ya gama maimai tun makon jiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta kamar yadda ka sani, amma bai hana ta faɗa da kaji ba. Jar akuyarta ta haifi biyu, duka mata.

To, gaisuwa ta ƙare a nan, domin raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Na ɗauki biro ne saboda sau uku ina kiranka a kan maganar Baba, sau uku kana katse ni, wai ba zan gane ba, wannan fanninku ne na masu koyar da motsa jiki. Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta, yau ni ce ba zan gane ba. Shi ke nan. Takarda dai ba a katse ta. In na gama Usaini zai ɗauki hotonta ya turo maka, ka karanta har ƙarshe, ko ta yi maka daɗi ko ba ta yi ba.

Agogon nan mai ƙirga taku da ka kawo wa Baba da ƙaramar salla, ban taɓa kushe shi ba. Ka ɗaura masa a hannu, ka haɗa shi da wayar da ka bar masa, ka ce duk takun da ya yi za ka gani a taka wayar daga can. Ka yanka masa dubu takwas kullum. Zan faɗi gaskiya, ya yi amfani. Hawan jininsa ya sauka, tumbin ya ragu, ya daina haki in ya dawo daga masallacin Juma'a. Kullum bayan la'asar sai saƙon muryarka ya shigo kana yi masa jinjina, shi kuma ya sa a kunna masa a ƙofar gida gaban abokan hirarsa, sau biyu, wani lokacin sau uku. Har na riƙa zolayarsa cewa ya samu sabon ubangida.

Amma ka san yau kwana ashirin da biyu ke nan da yi masa aikin ƙaba. Ni na yi jinyarsa, kuma a gabana likita ya yi bayani. Ya ce ya riƙa ɗan takawa a tsakar gida, ya je masallacin ƙofar gida ya dawo, wannan yana da kyau. Amma ban da doguwar tafiya, ban da keke, ban da ɗaukar abu mai nauyi, har mako shida. Na faɗa maka haka da bakina. Sai ka zagaye ni ka kira shi, ka ce masa mutum mai shekarunsa in ya kwanta kwana uku jijiyoyi sun fara saki, in ya kai mako biyu kuwa wahalar wata huɗu ta tafi a banza. Ka ce ya fara da dubu uku ya riƙa ƙarawa. Kamal, ka san wanda ka faɗa wa wannan magana kuwa? Mutumin da ya ga yayansa, Baffa Yahya, ya kwanta bai sake takawa ba, shekara huɗu ana juya shi a shimfiɗa har Allah Ya ɗauke shi. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da Baffa, ba hutu ba, amma a zuciyar Baba kwanciya ita ce ta cinye shi. Ka ɗauki tsoron da ya fi kowane girma a ransa ka ɗora masa lamba a kai.

Yanzu ka ji abin da aka ɓoye maka. Ranar da aikin ya cika kwana goma sha biyu, na shigo gidan da hantsi ɗauke da kununsa, na tarar da tabarma ba kowa, takalmansa ma ba su nan. Inna ta ɗauka yana zaure. Na ajiye kwanon na bi burtalin da ya ratsa gonaki, gero ya fi ni tsayi hagu da dama, ba na ganin komai, sai kira nake yi kamar wadda ta ɓatar da akuya. A can kan iyakar gonarmu ta nesa na same shi, zaune a ƙasa gindin gawon nan da ko inuwa ba shi da ita da damina. Ya dafe mara da hannu ɗaya, jini ya ɓata gaban rigarsa. Ka san abin da ya fara ce mini? Bai ce in kira Usaini ba, bai ce yana jin ciwo ba. Hannu ya miƙo mini, ya ce in duba masa ko ya cika dubu biyar, idonsa ba ya ganin lambar a cikin rana. Dubu huɗu da ɗari shida ne, tunda lamba kake so.

Na koma na kira Usaini, a amalanke muka fito da shi bakin titi, sannan aka samu mota zuwa asibiti. Ɗinkin ya buɗe a wuri biyu, aka sake ɗinke shi. Ni aka wanke tas a gaban mutane, aka ce wace irin 'ya ce za ta bar tsoho mai ɗanyen ciwo ya yi tafiyar gona. Na sunkuyar da kai na shanye, ban ce ai ɗansa ne masani ya ba shi umarni daga Fatakwal ba. Likita ya ce mun yi sa'a na waje ne ya buɗe, in na ciki ya yage sai an sake aikin gaba ɗaya, kuma da shekarunsa da hawan jininsa wannan ba abin wasa ba ne. Aka sake ƙirga masa mako shida daga farko. Muna dawowa gida saƙonka ya shigo, wai saura kaɗan, gobe a ƙara ƙoƙari. Wallahi da kana kusa a wannan lokacin, da ban san abin da zan yi maka ba. Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa maka ba, kada hankalinka ya tashi. Shi ya sa a kirana na uku na ce kawai ka bar shi ya huta, ka ce hutu ne ke tsufar da mutane, na haɗiye sauran maganar. Yau na karya alkawarin, Allah Ya yafe mini.

Akwai kuma wani abin da za ka yafe mini ko kada ka yafe, duk ɗaya ne a wurina. Da na kwance agogon daga hannunsa sai ya ƙi kwanciya, ya ce in ka ga babu komai za ka ce ya yi lalaci. Na ɗaura shi a nawa hannun don kada ya ɓata, na shiga daka wa Inna kuka. Ina gamawa na ga lamba ta hau ɗari bakwai, ni kuwa ko nan da can ban je ba. Ashe abin naku bai san bambancin ƙafa da taɓarya ba. Washegari na ɗaura wa Maryam matar Usaini, wadda ke surfe da dakan mutum goma sha ɗaya, ga tankaɗe, ga wanki. Dubu tara ta fara yi maka. Ranar da aka yi dakan suna a maƙwabta ta kai dubu goma sha huɗu, ka turo saƙo har muryarka na rawa, wai Baba ya fi samarin gidan motsa jikinku, wai ka nuna wa abokan aikinka. Ko ka tsaya ka tambayi kanka yadda tsoho mai ɗinki a ciki zai yi dubu goma sha huɗu? Kwana goma ke nan kana yi wa taɓaryar Maryam kirari.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ka fi kowa sanin maganarka ba haka take ba. Bara waccan da ka yi targaɗe wajen ƙwallo, wata biyu ka yi kana ɗingishi ba ka ɗaga ko ƙarfe ɗaya ba, amma da ka zo salla a gabana ka sungumi buhun masara ka kai rumbu kana yi mana burga. Ƙarfinka bai gudu ba. Shi kuma Baba sama da shekara hamsin yana noma. In an gama kaka ya rataye fartanya, wata biyar ba ya taɓa ta, ruwan farko na sauka ya ɗauko abarsa, jiki ya yi tsami kwana biyu uku, shi ke nan ya koma kamar bai taɓa ajiyewa ba. Shanun huɗar Usaini duk rani a turke suke suna tuƙa, ban taɓa ganin ya zagaya gari da su don kada su manta garma ba. Na ma tambayi likita a kan maganarka. Ya ce ɗan abin da zai ragu a mako shida, in ciwon ya warke zai mayar da shi cikin 'yan makonni da tafiyarsa ta yau da kullum. Wanda ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne ɗinkin da ya yage sau biyu.

Da farko dabarar ta ba Baba dariya, har yana tsokanar Maryam cewa ta ƙara himma kada ta ba shi kunya. Daga baya dariyar ta ɗauke. Jiya ana cikin kunna masa saƙonka ya ce a kashe. Yau da safe na shigo na same shi ya sa takalmi, yana tsaye a bakin turmi, yana ce wa Maryam ta kwance masa abinsa. Ya ce ba zai kai shekara saba'in da ɗaya yana yi wa ɗansa ƙarya ba, yana karɓar yabon da ba nasa ba. Kamal, ka ja na ɗaga wa mahaifina murya, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce masa me ke cikin agogon nan da ya fi ransa? Sai ya zauna a kan kujerar Inna ya ce, kafin agogon nan sai ya yi wata, wani lokacin wata biyu, bai ji muryarka ba. Tun da aka ɗaura masa shi kullum yana ji. Ya ce in lambar ta mutu, me yaron zai samu ya ce masa? Gaskiya ya faɗa. Na shiga ɗakin Inna na yi kukana.

Agogon yana cikin kwallar Inna, na rufe da murfi, saboda haka daga yau sifili za ka gani, kuma shi ne lambar gaskiya ta farko da ka samu cikin kwana goma. Da ƙyar na shawo kansa ya cire takalmin, amma ya ce ranar Juma'a in miƙo masa abinsa, kuma ka san uba ne, in ya kafe ba ni da ikon hana shi. Magana tawa ba ta shiga kunnensa a kan wannan, ta likita ma ba ta shiga, taka ce ta fitar da shi, taka ce za ta zaunar da shi. Ka kira shi, kira na gaske, ba saƙon da za a kunna masa ba. Ka ce masa ka yi kuskure, ka ce ya huta, ƙafarsa ba za ta manta hanya ba. Daga nan kada ka sake ambatar taku. Ka tambaye shi geron bana, ka tambaye shi 'ya'yan akuya, ka bar shi ya ba ka labarin farin da aka yi yana saurayi, wanda ya ba mu sau ɗari. Gobe ka sake kira, jibi ma haka.

Inna tana gaishe ka, ba ta san na rubuta ba. Usaini yana gaishe ka. Maryam ta ce a ce maka hannunta ya gode da yabo, amma ya gaji. Ka gaishe mini da Ramlat da kyau, ka shafa mini kan Fatihu, ka ce masa gwaggonsa ta ajiye masa gyaɗa. Fushina bai huce ba, amma addu'ata tana tare da kai kamar kullum. Wayar tana nan kusa da matashin Baba, Usaini ya cika mata caji. Ka kira shi yau, ranar da bai taka maka ko ɗaya ba.

Wassalam.

Yayarka,
Nana Aisha Abdussalam