Bijimin da Ya Zo Na Ɗaya da Man Shanun Hajo

Malam Fatihu, dan Allah ka taimakeni kamin in kunyata. Kayi haƙuri da rubutuna, ni da makaranta hannu kawai muka ɗaga wa juna daga nesa. Amma in zancen shanu ne, daga Auyo har Malam Madori ka tambaya, sauro ma ya sanni.

Malamin dabbobi Abdulmannan ne yazo rugarmu da maganar barbara ta allura, wai ba sai bijimi ya tako ba. Ya nuna mini bijimai a waya, kowanne da makinsa kamar 'yan makaranta. Wanda yazo na ɗaya, baƙi da fari, ba tozo ba ƙaho, amma wallahi kamar motar shinkafa. Tun ranar ban dawo daidai ba. In na kai shanu fadama sai in kishingiɗa a bakin kogi, iska na kaɗawa, in ga ruwan ya koma fari fat, duk madara ce, masunta na tuƙa kwale-kwale a kai suna ɗaga mini hula, 'ya'yan bijimin nan suna tafe a hankali cikin ciyawa, hantsa na jan ƙasa, balbelu na binsu kamar 'yan rakiyar amarya. Nan nake har rana ta karkata.

Na riga na faɗa a majalisa cewa ni na ɗaya bana haɗa iri sai da na ɗaya. To matata Hajo ta taka birki. Kasan a wajenmu shanu na miji ne amma nono na mace. Tace taji nonon irin waɗannan tsululu ne, ka kaɗa har hannu ya mutu ba mai, ita kuwa da man shanu aka santa a Hadejia tun zamanin uwarta, in ya lalace masu saye sun tafi kenan. Ita na bakwai takeso, wani ɗan ja mai kama da mara lafiya. Ni in koma majalisa da na bakwai? Jumma'a malamin zai dawo. Ya zanyi?

Sarkin Shanun Auyo (naɗin kaina)

Ranka ya daɗe Sarkin Shanu, ka tashi daga bakin kogin nan mu yi magana.

Kana da gaskiya ta gefe guda: makin nan ya fi kallon ido, domin ba kyan bijimi aka auna ba, abin da 'ya'yansa mata suka bayar aka tattara. Sai dai jimla ce. A cikinta akwai yawan nono, da mai, da sauƙin haihuwa, da lafiya, an kuma haɗa ta ne don kasuwar wasu da shanun da ke kwana a inuwa ana kai musu abinci. Ba a tambaye su zafin Hadejia ba, balle kaska da laka.

Saboda haka ranar Jumma'a ka ce Abdulmannan ya warware maka makin kashi-kashi. Ku duba mai, ku duba jure zafi, ku duba girman maraƙi, kada ƙaramar saniyarka ta kasa haihuwa. Ba duk mai yawan nono ne tsululu ba, wannan ma bari Hajo ta gani da idonta. Ku gwada da saniya biyu waɗanda suka taɓa haihuwa, karsana ta jira, bijiminka na gida kuma kada ka sayar.

Ka tafi da Hajo wajen zaɓen, domin ita za ta tsaya gaban masu saye. In na bakwai ne ya fi mai, ɗauke shi. 'Yan majalisa za su yi maka dariyar mako guda, su dawo suna aikowa gidanka a sayo musu man shanu. Allah ya albarkaci garke, ya bar ka da Hajo.