Matashin Kan da Kika Aiko wa Bashir

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ya Jidda, ya maigida da yara, ya ciwon gwiwar taki? Mu nan lafiya lau, auduga ma ta yi kyau bana.

Kayan barka sun iso, Allah ya saka da alheri. Kada dai ki ji haushi, Bashir bai hau matashin nan ba. Da na kai shi awo Sinja, ungozoma ta ce a rigingine ake kwantar da jariri, kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, kada hancinsa ya nutse numfashi ya gagare shi.

Kin san Inna. Ta ce mu duka ruf da ciki ta kwantar da mu, kuma rigingine baje ƙeya yake yi. Na ce, "Inna, ƙeya ko ta baje, hula za ta rufe. Numfashi fa?" Ta ja tsaki ta fita. Jiya kuwa na tarar da ita tana yi wa maƙwabciyarmu mai jego faɗa, har da "numfashi fa?"

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe min da kowa. Inna na godiya, matashin yana ƙarƙashin wuyanta.

Ƙanwarki,
Hajara